Tukunyar Ƙarƙashin Gadon Inna Delu

Bayan rasuwar matata Rabi, wani tsoho mai haƙa kabari, Malam Sule, ya zo har gida ya roƙe ni in riƙa gina wa maƙabartarsu tukwanen da ake rufe mamaci da su. Ni maginin tukwanen fulawa ne, kuma a lokacin sana'ar ta riga ta mutu a hannuna. Na ce masa ya ba ni kwanaki in yi tunani. Kwanakin suka zama wata guda da ɗoriya. A tsawon lokacin nan ban cika tuna shi ba. Kakata Inna Delu nake ta tunawa, da wata tatsuniya da ta yi mana ina ɗan shekara tara ko goma.

A Nassarawa GRA na tashi, amma ba a ɓangaren da masu wucewa cikin mota suke gani ba. Mahaifina gadina ne a gidan wani Alhaji, shi ke kula da ciyawa da fulawoyi. Mu muna can baya, bayan garejin motoci, a ɗakuna biyu na ma'aikata da aka jingina da katanga. Unguwar shiru gare ta. Babu maƙwabcin da za ka ji tarinsa, babu yara a layi, babu mai talla da zai ƙwala kira. Da an idar da sallar isha'i, abin da kawai ake ji shi ne jemagu a kan mangwaro, da kwaɗi idan damina ce, da gurnanin janareta daga wani gida mai nisa.

Inna Delu ita ta haifi mahaifina. Daga wani ƙauye a ƙasar Kazaure aka ɗauko ta, lokacin da yanar ido ta fara rufe mata gani. A can maginiyar tukwane ce, tafin hannunta kaushi kamar bayan kuka. Da ta zo, kayanta uku ne: ƙullin tufafi, da tabarma, da wata babbar tukunya ja da ta rungumo a cinyarta tun daga ƙauye har Kano. Mahaifiyata ta yi murna, ta ce an samu wurin ajiye ruwan sanyi. Inna ta ce a'a. Ta sa aka tura tukunyar ƙarƙashin gadonta na ƙarfe, ta lulluɓe ta da tsohon zane. Ba a taɓa zuba mata ruwa ba, ba a taɓa ɗora ta a wuta ba. Ni da ƙanwata Asabe mun sha leƙawa in Inna ta zaga bayi. Babu komai a ciki.

Ba ta yarda da risho ba. Ta ce tuwon da bai sha hayaƙi ba ba ya zama a cikinta. Sai Baba ya kafa mata 'yar rumfa ta tsohon kwano a gindin mangwaro, can kusurwar da hayaƙin ba zai kai tagar Hajiyar gidan ba, ya jera mata duwatsu uku. Nan muke zama bayan an ci tuwo, garwashi na ja, ita tana kan kujerarta 'yar tsugunno tana tona toka da tsinke.

Ni take fara tsokana. "Maigida, an zo? Ko cefanen gishiri babu, sai kunne ka kawo mini."

In ce mata na sake ta, na gaji da mace marar haƙori. Ta yi dariya har da tari, ta ce ai ita ma zaman haƙuri take yi da miji mai majina. Sannan ta juya fuskarta wajen duhu kamar mai sauraren tafiyar wani, ta ce, "Ga wata nan tafe. Ku matsa mata." Mu kuma mu ce, "Ta shigo, akwai wuri." Haka take buɗe tatsuniya, ban taɓa jin wani ya buɗe haka ba.

Daren da nake magana a kai, an yi ruwa da la'asar, mangwaron yana ta ɗigo a kan kwano.

Ta ce an yi wata mata a wani gari, sunanta Kande, maginiyar tukwane. Kande ta gaji da ɗaukar kaya a ka zuwa kasuwa, wuyanta har ya ƙage. Sai ta ƙudurta za ta yi gini mai yawa a rani guda, ta sayar, ta sayi jaki. Ta yi wata uku tana haƙo yumɓu, tana kwaɓawa, tana gini. Manyan tukwane ta yi, masu kauri, irin na gidan biki. Da suka bushe ta jera su a bayan gari, ta lulluɓe da kara da ƙaiƙayi da kashin shanu, ta sa wuta.

A nan Inna ta ɗaga tsinkenta. Ta ce duk magini ya san ba a yaye wa tukunya toka sai ta huce da kanta, ko da kwana biyu za ta yi. Amma gobe kasuwa, Kande kuma tana ganin jakin nan a idonta. Ta ɗauki sanda ta yaye tokar tun tukwanen na da zafi. Hadarin farko na shekara ya taso, iska mai sanyi ta bi ta kansu. Sai ta fara jin ƙara, ƙas, ƙas, ƙas, daga wannan gefe zuwa wancan. Kowace tukunya ta rabe gida biyu, daga baki har gindi, kamar an fafe ƙwarya. Ko ɗaya ba ta tsira ba.

Kande ba ta yi kuka ba. Ta zauna a cikin tokar, ruwa ya dake ta ya wuce, tana nan zaune har almuru.

Sai ta hango mutane suna tahowa daga yamma, ɓangaren da ba a noma, ba a kiwo. A layi suke tafe, babu mai magana. Duk fararen kaya ne a jikinsu, kayan sun jiƙe sun manne musu, kafaɗunsu da laka. Kafin su iso, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya riga su. Na gabansu tsoho ne. Ya yi sallama da murya ƙasa-ƙasa.

Inna ta sauke muryarta har sai da muka matso. "Ya ce, baiwar Allah, rufin ɗakunanmu ya lalace. Gara ta cinye itacen. Ruwa yana zubo mana a fuska, mu kuwa ba mu da ikon juyawa. Ko za ki ba mu waɗannan?"

Kande ta gyaɗa kai. Suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuya ya ɗauki ɓari, ya kifa a kansa, ya juya yamma. A can wajen ƙarshen layi akwai wata mata mai ɗan ɗingishi a ƙafar hagu. Kande ta san tafiyar nan. Uwarta ce, wadda ta koya mata gini, shekara bakwai da rasuwa. Uwar ba ta dube ta ba. Ta ɗauki ɓarinta, ta shafa bakinsa da babban yatsa, ta ce, "Har yanzu kina barin baki da kauri." Ta kifa a kai ta bi sahu.

Asabe ta cusa kanta a cinyar Inna. Ni kuma na tuna cewa bayana yana fuskantar katangar yamma, na kasa waiwayawa. Wani jemage ya saki mangwaro ya faɗo a kan kwano, dukkanmu muka zabura, har Inna.

Ta ci gaba. Ta ce da gari ya waye Kande ta koma wurin, ta tarar da ɓarin tukwanen duk suna nan, babu wanda ya ɓata. Amma kowanne an kifa shi, kuma a bayan kowanne akwai shaidar yatsu biyar na laka, ba su bushe ba. Ta tafi gidan liman ta faɗa masa. Liman ya tara maza suka nufi maƙabarta. Suka tarar ruwan jiya ya burma kaburbura da yawa, don a garin da itace kawai suke rufewa. Ranar babu wanda ya je kasuwa. Da tukwanen Kande aka gyara su duka, kuma adadin ya zo daidai, babu ragi babu ƙari.

Daga ranar, duk wanda aka yi wa rasuwa sai ya zo ƙofarta. Garuruwan kusa ma suka ji. Ba ta sake kwana da yunwa ba.

Na tambaya ko ta sayi jakin.

"Me za ta yi da jaki?" in ji Inna. "Ai ba ta sake zuwa kasuwa ba. Kasuwar ce take zuwa ƙofarta, tana share hawaye."

Na ce to ta yi murna ke nan. Inna ta daɗe tana tona toka. Sannan ta ce mata sun daina aiko 'ya'yansu ɗibar wuta a gidan Kande, kuma in ta shiga gidan suna sai hira ta tsaya. Ta ce amma duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, Kande ce kaɗai a garin take barci har da minshari. Ta watsa tokar a kan garwashi ta ce, "Ta tashi, ta bi hayaƙi. Ku ma ku tashi."

Shekara uku bayan haka Inna Delu ta rasu a ɗakin nan na bayan gareji. Ana shirin fita da makara sai na ga Baba ya durƙusa ya jawo tukunyar daga ƙarƙashin gado, ya yaye zanen, ya rungume ta. Wannan ce jana'iza ta farko da aka bar ni na bi. A bakin kabari aka raba tukunyar biyu, aka kifa ɓari ɗaya a saitin kanta, ɗaya a ƙirjinta, aka cike sauran da na maƙabarta. A hanyar dawowa Baba ya ce mini ita ce ta ƙarshe da ta gina kafin idonta ya tafi. 

Kafin ta rasu ta koya mini yumɓu, da hannu kawai, tana laluben yatsuna tana gyara musu zama. Da na gama sakandare ban ci gaba ba, sai na haɗa abin da na samu daga wajenta da abin da na gani a wajen Baba. Na san masu manyan gidaje suna son fulawa a baranda da bakin ƙofa. Na fara gina tukwanen fulawa, ina huda gindinsu don ruwa ya tsiyaye, ina jera su a gefen titi a GRA ɗin da na tashi. Na kama gida a Tudun Murtala mai ɗan fili a baya, nan nake gashi. Da na auri Rabi ita ta karɓi shafa jar ƙasa. Da tafin hannu take yi, ba ta son tsumma. Takan ce ni na iya gini amma ban san kyau ba, in aka bar ni tukwanena za su fita kamar waɗanda ba su yi wanka ba.

Shekara goma sha ɗaya muna haka. Sai wani mai gina otal ya tsaya da mota, ya ce yana son manya, masu kai wa gwiwa, da za a jera tun daga ƙofar shiga har farfajiya. Ban taɓa samun aiki irinsa ba. Muka yi niyyar in an gama za mu sayi filin da muke gashi a kai, mu daina zaman haya. Rani guda muka yi muna aikin, ni da ita. Da na je in ce an gama, sai na tarar an riga an jera wasu na roba da aka kawo daga waje, masu launin yumɓu. Yaron mai otal ɗin ya ce mini waɗannan ba sa fashewa. Bai yi ƙarya ba. Ba a yi wata biyu ba kuma aka tashe mu daga gefen titi, mu da masu sayar da shuke-shuke, za a faɗaɗa hanya.

Tukwanen suka zauna a tsakar gida, a kife, layi-layi. In na fito alwalar asuba ba na son kallonsu. A cikin wannan hali Rabi ta kwanta. Ba zan yi dogon bayani a kan ciwon ba. Sati uku ta yi. Ta rasu da hantsi, ranar Talata, a tsakiyar damina.

A maƙabarta, bayan an sa ta a ƙaramin ramin, sai na ga masu haƙa suna duban juna. Malam Sule ya matso ya yi wa wan Rabi magana a kunne, amma na ji. Tukwane sun ƙare. Ruwa ya hana magina gashi, kuma a satin an yi rashe-rashe. Za su sa itace da buhu. Ban san lokacin da na ce a dakata ba. Na tura ƙanen Rabi da adaidaita sahu, na ce ya ɗauko huɗu daga tsakar gida. Mutane suka tsaya a cikin yayyafi, babu wanda ya yi ƙorafi.

Da aka kawo, Malam Sule ya ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa ya saurara. Ya bi ta da ɗan gatari a hankali har ta rabe. Yana juya ɓarin sai na ga cikinsa. Wurin da Rabi take riƙewa da hagu in tana shafawa da dama, shaidar yatsunta na nan da jar ƙasa, huɗu a ciki, wuta ta gasa su sun zauna. Kowane ɓari da su. Ni na karɓa na kifa da hannuna, yatsun suna fuskantarta. Hudar gindin kuma na cusa mata laka na toshe.

Kwana tara bayan haka, ina zaune a ƙofar gida gab da magariba, an ɗauke ruwa ke nan. Na ɗaga kai na hango wani tsoho yana tahowa daga yamma, farar riga a jiƙe, laka har kafaɗa. Tsikar jikina ta tashi. Sai da ya yi sallama na gane Malam Sule ne, daga wajen aiki yake.

Ya yi mini gaisuwa, ya zauna a bakin dakali. Ya ce shekara talatin yana wannan aiki bai taɓa fasa tukunya mai ƙwarin tawa ba. Waɗanda ake kawo musu yanzu sirara ne, ba sa shan wuta sosai, damina biyu sai su rufta. Ya ce masu unguwa da masu taimaka wa maƙabarta za su riƙa saye, ba kyauta yake nema ba. "Malam Habu, ba yau za ka amsa ba," in ji shi. "Amma su da ke kwance a can ba sa iya zuwa su faɗa da kansu, shi ya sa na zo."

Na dube shi. Babu alamar ya san abin da maganar ta taɓa a cikina. Na ce ya ba ni kwanaki in yi tunani. Ya tashi ya tafi masallaci.

Asabe, wadda ta zo zaman makoki ba ta koma ba, ta ji komai daga soro. Ta ce kada in yarda. Ta ce, "Yaya, so kake ka zama mutumin da cinikinsa ke kyau ranar da gidan wani ya rushe? Wa zai ba ka 'yarsa nan gaba? Wa zai ci abincin gidanka da daɗin rai?" Na ce mata ko ta tuna Kande. Ta ce ta tuna, shi ya sa ma take faɗa.

Gaskiya ta faɗa, kuma abin da ya hana ni amsawa ke nan. Akwai wani abu kuma da ban gaya mata ba. Ina jin kunyar a ce ta dalilin mutuwar Rabi ƙofa ta buɗe mini. Da an ba ni zaɓi, da tukwanen sun ruɓe a tsakar gida ita kuma tana nan tana yi mini tsiya.

Wata rana na taka har tsohon gidan Alhaji. Ya zama ofis. An sare mangwaron, an rushe ɗakunanmu, an shimfiɗe wurin da siminti motoci na tsayawa. Maigadin ya tambaye ni wa nake nema. Na ce babu kowa. Na tsaya ina ƙoƙarin gane inda duwatsun murhun suke, ban gane ba.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar Kande ta ban tsoro ce kawai. Da na zama saurayi na ɗauka cewa take yi in ka yi asara ka jira, riba na tafe. Yanzu na ga Inna ba ta faɗi haka ba. Kande ba ta samu jakinta ba, uwarta ba ta dawo ba, ko kallonta ba ta yi ba. Aiki kawai aka miƙo mata, wanda ba shi ta roƙa ba, a ranar da ba ta da sauran komai, kuma ita kaɗai ke da kayan yin sa.

Abin da ya yanke mini shawara ruwan wata Alhamis ne, wanda aka kwana ana yi. Ban runtsa ba. Da safe na tafi maƙabarta da gudu-gudu, ƙafata na nutsewa a laka. Kabarin Rabi yana nan daram, ko tsagewa bai yi ba. Na gefenta kuwa, wani ɗan gajere, na yaro, wanda aka yi kwana biyu kafin nata, ya burma ta wajen kai. Ruwa ya taru a ramin. Guntun itace da bakin buhu sun leƙo. Ban san ɗan wane ne ba. Na cire hulata na riƙa kwalfe ruwan da ita har Malam Sule ya iso da cebur. Ya hau gyara kabarin. Na ce masa ya aiko a kwashe sauran na tsakar gida, kuma bayan sati uku ya zo ya duba sababbi.

Asabe ta koma gidanta ba ta yi mini sallama mai daɗi ba. Maƙwabciyarmu da take aiko mini da kunu ta rage aikowa. Ban riƙe su a zuciya ba.

Ranar da na sake kwaɓa yumɓu, hannuna da kansa ya kai ga tsinken da nake huda gindi da shi. Na ajiye shi. Na yi ta farko da kauri, na shafa mata jar ƙasa da tafin hannu yadda na ga ana yi, ba ta yi kyau ba. Da aka gasa na bar ta kwana biyu a cikin toka har ta huce da kanta. Sauran na jera wa Malam Sule a soro. Ita kuwa na kai ta ɗaki, na tura ta ƙarƙashin gado, na lulluɓe ta da zanen Rabi.